Aron Mahaifa

Aron mahaifa shi ne a haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, a dasa a mahaifar wata mace ta goyi cikin, ta haihu, ta miƙa musu jaririn. Tushensa dashen ƙwai ne, wanda aka fara dacewa da shi a Oldham ta Ingila a 1978. A Najeriya, asibitin Nisa na Dakta Ibrahim Wada a Abuja ya karɓi haihuwa ta hanyar dashen ƙwai a 1998.

Harkar aron mahaifa ta zama kasuwa ta ƙasa da ƙasa. Indiya ta daɗe tana jan ma'aurata daga ƙetare saboda araha, har ta rufe wa baƙi ƙofa a 2015, shekarar da Tailan ma ta hana. Yukren ta ci gaba da karɓar ma'aurata. Najeriya kuwa ba ta da dokar tarayya a kai, abin da ke barin matan da ake haya cikin haɗari.

Malaman Sunna sun halatta dashen ƙwai tsakanin miji da mata, kamar yadda fatawar Azhar ta 1980 ta nuna, amma sun haramta shigowar mutum na uku don tsare nasaba. Majalisar Fiƙihu ta Makka ta yarda kishiya ta goyi cikin a 1984, sannan ta janye a 1985.

A ƙauyukan Birnin Gwari irin su Kazage kuwa, maimakon aron mahaifa, abin da aka sani shi ne riƙo: 'yan uwa su ba marar haihuwa ɗa ta raina.