Gubar Dalma a Zamfara: Yadda Zinare Ya Shigo Tsakar Gida

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke bibiyar cutar sanƙarau a yammacin Zamfara suka tarar da ƙananan yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaro zai fara amai, ya shiga jijjiga, a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro amma a banza. Sai da aka gwada jini aka gano gubar dalma ce.

Zinare ne mafarin abin. Da farashinsa ya tashi, mazauna ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma suka riƙa kawo duwatsun ma'adini cikin gari, a daka a turmi, a niƙa da injin niƙan hatsi. Ƙurar ta kwanta a tsakar gida, inda jarirai ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu.

Ma'aikatar Lafiya ta jihar da abokan aikinta, MSF da Hukumar Lafiya ta Duniya, sun fahimci cewa magani kaɗai ba ya isa. Yaron da aka yi wa jinya, muddin ya koma gida mai gurɓatacciyar ƙasa, zai sake kamuwa. Tilas a kankare ƙasar, a zuba sabuwa. Garin Bagega sai da ya jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin wannan aiki.

A 2022 MSF ta miƙa shirin ga hukumomin jihar. Haƙar zinare kuwa ba ta tsaya ba, don haka nauyin gwada jinin yara yana wuyan ma'aikatar yanzu.