Juyin Iska da Shawarar Matuƙi: Nazarin Hatsarin Jirgin Sakkwato na 2006 da Waɗanda Suka Gabace Shi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin hatsarin jirgin saman kamfanin ADC da ya faɗi a Abuja ranar 29 ga Oktoba, 2006, a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato. Ta jera shi da wasu hatsura uku da yanayi ya taka rawa a cikinsu a Arewacin Nijeriya: biyu a Kano, a 1956 da 1973, ɗaya a Sakkwato a 1991. Madogararta ita ce sakamakon hukumomin da suka binciki hatsuran da kuma abin da masana yanayi suka tabbatar game da iskar hadari. Ta gano cewa “rashin kyawun yanayi” bai isa ya zama bayani ba, domin iskar da ta kayar da jirgi a 1956 ba a san ta ba a lokacin, alhali a 2006 an san ta, an san alamunta, an kuma san yadda ake tsere mata.

Gabatarwa

Duk wanda ya fito daga birnin Sakkwato ya kama hanyar da ke bi ta Bodinga da Shagari zuwa Tambuwal, zai wuce mashigar Filin Jirgin Sama na Sultan Abubakar III. A nan aka taru ana jiran Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ranar Lahadi, 29 ga Oktoba, 2006, kimanin mako guda bayan ƙaramar salla. Ya je Abuja taro ne a kan ilimi, yana dawowa gida.

Jirgin, ƙirar Boeing 737, ya taso daga Legas ya yada zango a Abuja. Da hantsi ya sake tashi cikin ruwa da iska, ɗauke da mutum 105. Bai yi minti biyu a sama ba ya rikito cikin gonar masara a Tungar Madaki, dab da filin jirgin, ya kama da wuta. Mutum 96 suka rasu, tara suka tsira. Cikin mamatan akwai Sarkin Musulmi da ɗansa Sanata Badamasi Maccido, da Sanata Sule Yari Gandi, da Mataimakin Gwamnan Jihar Sakkwato Alhaji Garba Muhammad, da Abdurrahman, ɗan tsohon Shugaban Ƙasa Alhaji Shehu Shagari. Ke nan makokin ya bi wannan hanya ta kudu tun daga fadar Sarkin Musulmi har garin Shagari. Shugaba Obasanjo ya ayyana zaman makoki na kwana uku, aka kuma naɗa Muhammadu Sa’ad Abubakar ya gaji ɗan’uwansa ranar 2 ga Nuwamba.

A zauren ta’aziyya ana cewa kwana ya ƙare, kuma gaskiya ne. Amma imani da ajali bai taɓa hana Musulmi tambayar sanadi ba. Sanadin nan shi wannan nazari ya bi.

Iskar da ke gaban ruwa

Manomin gero a Bodinga ko Sifawa ba ya buƙatar na’ura kafin ya karanta hadari. Ya san daga gabas yake tasowa. Ya san kafin ɗigon farko akwai wata iska mai sanyi da ke bugowa farat ɗaya, ta kwantar da karan dawa, ta ɗebe jinka, ta tayar da holoƙo har rana ta dushe. Idan ta bugo, mata sukan ruga su kwashe shanya, makiyayi ya kaɗa dabbobinsa gida. Wannan iskar ita ce bakin abin da ke kayar da jirage.

Ga yadda take samuwa. A cikin gajimaren hadari, ruwan da ke zubowa yana janyo iska ƙasa, wani kason ruwan kuma yana ƙafewa a hanya, ya sanyaya iskar, ta ƙara nauyi. Sai ta faɗo da ƙarfi, ta daki ƙasa, ta watsu ta kowace fuska, kamar ruwan da aka kwararo daga tulu a kan daɓe. Mafi hatsarin irinta faɗinta bai kai kilomita 4 ba, kuma cikin ’yan mintoci take mutuwa. Shi ya sa jirgi ɗaya zai wuce lafiya, na bayansa ya halaka.

Jirgin da ya shiga cikinta yana tashi yakan gamu da abu uku a jere. Da farko iskar tana bugo shi ta gaba, sai ya ji ya ƙara ɗagawa, matuƙi ya ɗauka komai lafiya. Daga nan sai ya shiga tsakiya, inda iskar ke danna shi ƙasa. A ƙarshe sai ta koma tana bin sa ta baya, gudun iskar da ke ratsa fikafikansa ya ragu nan take, abin da ke riƙe shi a sama ya ƙwace. Duk wannan cikin daƙiƙoƙi, kuma ƙasa na kusa.

Kano, 1956

Ranar 24 ga Yuni, 1956, wani jirgin kamfanin BOAC na Ingila, ƙirar Argonaut mai farfela huɗu, ya tashi daga Kano da yamma zai nufi Tarabulus, daga can ya wuce Landan. Yana barin titi ya shiga ruwa mai ƙarfi, gudunsa ya faɗi, ya soma yin ƙasa duk da matuƙin ya ba injinan wuta iyakar ƙarfinsu. Ya daki bishiya ya tarwatse. Cikin mutum 45 da ke ciki, 32 suka rasu. Kwamitin bincike ya ce jirgin ya gamu da wani ƙullin hadari ne da ba a iya hasashensa, wanda ya juya alƙiblar iska farat ɗaya.

Kwamitin ya yi adalci, domin a zamanin babu wanda ya fahimci abin sosai. Sai bayan shekara 19, a rana irin wannan ta 24 ga Yuni, 1975, jirgin Eastern Air Lines ya faɗi yana sauka a New York, mutum 113 suka mutu. Masanin yanayi Tetsuya Fujita na Jami’ar Chicago ya bi bayanan wannan hatsari, ya nuna cewa wata ƙaramar iska mai faɗowa ce ta kayar da shi. Abokan aikinsa da dama sun yi masa musu. Bayan wani jirgin na kamfanin Delta ya faɗi a Dallas ranar 2 ga Agusta, 1985, ya hallaka mutum 137, musun ya ƙare. Amurka ta girka na’urorin gano juyin iska a manyan filayenta, ta wajabta na’urar gargaɗi a cikin jirage, ta kuma fitar da tsarin horar da matuƙa. Darasin a taƙaice yake: idan akwai alamar wannan iska, a jira. Idan kuma an riga an shiga, a ba injin wuta gaba ɗaya, a ɗaga hancin jirgi daidai gwargwado, wajen digiri 15, kada a zarce inda fikafikai za su daina ɗauka.

Abin da ya faru a Abuja

Wannan ilimi ya shekara kusan 20 a hannun duniya kafin ranar da jirgin ADC ya hau titi. Hasumiyar Abuja ta sanar da matuƙan cewa iska na ƙaruwa tana kuma bugowa. Matuƙan wani jirgin na Virgin Nigeria, da suka ji bayani iri ɗaya, suka ce su za su dakata. Na ADC suka karɓi izini suka tashi.

Da barinsu ƙasa na’urar gargaɗin juyin iska ta yi ƙara. Matuƙin ya ja hancin jirgin sama fiye da kima, har ya kai digiri 30 ko fiye, wato ninki biyu na abin da ake koyarwa. A wannan tsayuwa iska ba ta shiga injinan yadda ya kamata, sai suka soma shaƙewa, fikafikan kuma suka daina ɗauka. Jirgin ya kife ta hagu ya faɗi.

Hukumar Binciken Hatsarin Jiragen Sama ta Nijeriya ta ɗora sanadin a kan abu biyu: shawarar tashi cikin yanayin da aka san ba shi da kyau, da kuma kasa aiwatar da matakan kuɓuta daga juyin iska. Sai dai ba ta tsaya a kan matuƙan ba, kuma a ganin wannan nazari nan ne rahoton ya fi nauyi. Ta ce na’urar kwaikwayon tuƙi da aka yi musu horo da ita ba ta dace da koyar da wannan mataki ba. Ta ce kamfanin ba shi da rubutacciyar ƙa’ida a kan tashi cikin mummunan yanayi. Ta ce matuƙan biyu ba su haɗa kai yadda ya kamata ba a cikin waɗannan daƙiƙoƙi.

Batun ƙa’idar ya cancanci a tsaya a kansa. Idan kamfani ya rubuta cewa da zarar iska ta kai kaza ba a tashi, to matuƙi ya samu abin jingina. Zai iya gaya wa manajansa, ya gaya wa kowane babban mutum da ke zaune a baya, cewa doka ce ta hana. Idan babu rubutun, nauyin duka yana kan mutum ɗaya, ga jadawali ya matsa, ga wasu zangon na jiransa. Saurin da Ministan Sufurin Jiragen Sama na lokacin, Babalola Borishade, ya yi na ɗora laifi a kan matuƙin tun kafin a kammala bincike ya rufe wannan ɓangare, alhali shi ne wanda gwamnati ke da ikon gyarawa.

Kuma ba a ce babu gargaɗi ba. Kusan wata goma sha ɗaya kafin nan, ranar 10 ga Disamba, 2005, jirgin Sosoliso ya faɗi yana sauka a Fatakwal cikin hadari da juyin iska, mutum 108 suka rasu, da yawansu ɗaliban makarantar Loyola Jesuit ta Abuja.

Nisan filaye

Sauran hatsuran biyu suna nuna wata fuskar, wato abin da ke biyo bayan an karkatar da jirgi. Ranar 22 ga Janairu, 1973, jirgin Boeing 707 na kamfanin Alia na Jodan, wanda Nigeria Airways ta yi haya don kwaso alhazai daga Jidda, ya kasa zuwa Legas saboda yanayi, aka juyo da shi Kano. Ya sauka cikin hazo da iska, ƙafarsa ta karye, ya kauce daga titi ya kama da wuta. Mutum 176 suka rasu cikin 202, adadin da ba a taɓa gani ba a hatsarin jirgi ɗaya kafin ranar.

Na 26 ga Yuni, 1991, a ƙasar Sakkwato ya auku. Jirgin Okada Air ƙirar BAC 1-11 ya tarar yanayi ya hana sauka a Kano, ya juyo Sakkwato. Nan ma bai samu sauka ba, ya yi ta kewaya har mansa ya ƙare, ya faɗa fili ’yan kilomita daga filin jirgin. Mafi yawan waɗanda ke ciki sun tsira, amma an yi asarar rayuka. Iska ba ta taɓa wannan jirgi ta kayar ba. Hadari ya rufe masa ƙofa ɗaya ne, nisan da ke tsakanin filayen Arewa ya cinye man, filin da ya dogara da shi kuma bai karɓe shi ba. Buɗe filayen Katsina da Birnin Kebbi daga baya ya rage wannan tazara, muddin fitilunsu da na’urorinsu da ma’aikatansu suna aiki a sa’ar da jirgi ya buƙace su.

Inda aka kwana

An yi gyara bayan 2006, kuma ba ƙarami ba. A Nuwamban shekarar aka sa hannu a sabuwar dokar sufurin jiragen sama wadda ta ba hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA cin gashin kai, ta kuma raba masu binciken hatsari da ma’aikatar da suke bincika. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet ta soma girka na’urorin gano juyin iska a filayen jirage. A 2010 Amurka ta saka Nijeriya a rukuni na ɗaya na ƙasashen da suka cika ƙa’idojin kiyaye lafiyar jirage. Kamfanin ADC kuwa bai sake tashi ba. Duk da haka, ranar 21 ga Mayu, 2021, jirgin sojan sama ɗauke da Babban Hafsan Sojan Ƙasa Laftanar Janar Ibrahim Attahiru ya faɗi a Kaduna cikin mummunan yanayi, mutum 11 suka rasu.

Ga mutanen Bodinga da Shagari akwai wani lissafi da ya shafe su kai tsaye. Manyan jiragen da suka fi ɗaukar jama’a a filin Sakkwato na alhazai ne, lokacin Hajji kuma yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara. A 1973 alhazai cikin hazon hunturu suka dawo. A 2025 an yi Arfa a farkon Yuni, wato an yi jigilar tafiya a Mayu, ta dawowa kuma daga tsakiyar Yuni, daidai faɗuwar damina, lokacin da hadarin gabas ya fi zuwa da iska da ƙura. Shekaru masu zuwa jigilar za ta ci gaba da faɗawa cikin bazara da goshin damina. Saboda haka wannan nazari yana ganin wajibi ne, kafin kowace jigila, hukumar alhazai ta jiha ta nemi shaida a rubuce cewa na’urorin auna iska na filin suna aiki, kuma kamfanin da aka ba kwangila yana da ƙa’idar dakatar da tashi. Haka nan a sa ƙauyukan da ke kewaye da filin cikin atisayen ceto, tare da asibitocin Bodinga da Shagari da Asibitin Koyarwa na Jami’ar Usmanu Danfodiyo, domin jirgin da ya faɗi bayan shingen fili, kamar na Tungar Madaki da na 1991, mutanen gona ne suka fi kowa kusa da shi.