Zango Na Biyu: Inda Muke Rasa Yaran Da Muka Fara Wa Gyaran Haƙori

Sana'armu ta daidaita jerin haƙora ba ta daɗe da isowa Borno ba. A Jami'ar Legas aka buɗe makarantar likitocin haƙori ta farko a Nijeriya, a 1966, kuma shekara da shekaru ƙwararrun fannin a Kudu suke. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ya buɗe a 1983, sai bayan shekarar 2000 jami'ar ta samu tsangayar horar da likitocin haƙori, ta farko a Arewa. A da, ciwo ne kawai ke kawo yaro, maganinsa kuma galibi cirewa. Haƙorin da ya hau kan ɗan'uwansa, ko na gaba da suka turo leɓe, sai a ce halitta ce.

Da muka shigo aikin, mun tarar da wata tsohuwar gardama: yaushe ya kamata a fara? Tun 1899 Ba'amurke Edward Angle ya rarraba nau'o'in karkacewar cizo, rabon da muke aiki da shi har gobe. Daga baya ra'ayi ya yi ƙarfi cewa a kama yaro tun yana famfara, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A 1977 William Clark na Sikotlan ya ƙirƙiro Twin Block, robobi biyu da ke tura muƙamuƙin ƙasa gaba, aka yi ta murna.

Sai bincike ya rage mana zumuɗi. A Jami'ar North Carolina, sakamakon da aka fitar a 2004 ya nuna cewa yaran da haƙoransu na sama suka yi gaba, waɗanda aka fara wa da wuri da waɗanda aka jira suka tasa, kusan wuri ɗaya suka ƙare. Ayarin Kevin O'Brien na Manchesta ya samu irin haka a 2009. Farawa da wuri na nan da amfaninta: tana rage karyewar haƙoran gaba idan yaro ya faɗi, tana gyara cizon da ya sarƙe, tana tsare gurbin haƙorin da aka cire kafin lokacinsa, tana raba yaro da tsotsar yatsa. Amma yawanci ba ta gama aiki. Fiƙoƙin sama ba sa fitowa sai wajen shekara 11 zuwa 12, a nan ne ake ganin ko akwai buƙatar zango na biyu, wato ɗaura wayar gyaran haƙori, wadda kan ɗauki wata 18 zuwa 24, ana ɗaure ta duk bayan mako 4 zuwa 8.

A wannan tazarar, tsakanin gyaran farko da ɗaura waya, muke rasa yaranmu, kuma abin na ci mini rai. Uwa ta ga haƙora sun miƙe, ta ce, "Likita, ai an gama, Allah ya saka." Yaro ya tafi makarantar kwana. Wani daga Biu ake kawo shi, wani daga Damaturu, kuɗin mota ma abin lissafi ne. Tun 2009 rikici ya tarwatsa iyalai, ambaliyar dam ɗin Alau a Satumban 2024 kuma ta shiga har asibitin koyarwa. Wanda ke neman wurin kwana ba ya tuna ranar ganin likitan haƙori, ban kuma ga laifinsa ba. Sai dai haƙori ba ya jira. Bayan shekaru yaron zai dawo da fiƙa maƙale a cikin dasashi, aikin da zai zo da sauƙi ya koma na tiyata.

Wushirya kuwa, iyaye da yawa kan roƙa kada a taɓa ta, ina kuma tare da su in ba ta da illa. Ta ƙuruciya ma sau da yawa da kanta take rufewa idan fiƙoƙi suka fito.

Ko bayan cire waya da saura. Binciken Robert Little a Jami'ar Washington cikin shekarun 1980 ya nuna haƙoran gaba na ƙasa kan sake cunkushewa a yawancin mutane. Shi ya sa muke dagewa kan robar riƙe haƙora da ake kwana da ita, shekaru ba watanni ba.

Iyaye, in an fara wa ɗanku gyara yana ɗan shekara 8, ku ajiye katinsa, ku riƙa kawo shi duk wata shida ko da babu abin da ke damunsa, har haƙoran girma su gama fitowa.