Saran Katako da Tsaron Gandun Daji a Ƙasar Binin, 1897 zuwa 1976

1.0 Gabatarwa

A kasuwannin katako na Turai akwai wani jan itace da har yau ake kira "sapele", kuma da yawa daga masu sayensa ba su san cewa sunan wani gari ne a bakin kogin Ethiope ba. Haka nan "obeche", farin itace marar nauyi, sunansa na harshen Edo ne, Yarbawa kuwa "arere" suke ce masa. Sunayen sun bi gungumen sun ƙetare teku. Wannan maƙala za ta dubi yadda aka sari waɗannan itatuwa a kurmin ƙasar Binin, da dabarun da hukuma ta ɓullo da su don kada kurmin ya ƙare.

2.0 Zamanin Gatari

Bayan Turawan Ingila sun ci birnin Binin a 1897, kamfanonin ciniki suka nemi izinin sara a manyan yankuna na kurmi. Abin da suka fi ƙwallafa rai a kansa shi ne dangin maɗaci na kurmi, sai kuma loko. Aikin duka na hannu ne. Da yake gindin irin waɗannan itatuwa yana da faffaɗan jijiyoyi masu tasowa sama da tsayin mutum, sai a kafa dandamali na sanduna, masara su hau su yi ta dukan kututturen da gatari. In ya faɗi, a fafe shi ya zama mai kusurwa huɗu, sannan ayarin ma'aikata su ja shi da igiya a kan ƙananan gungume da aka shimfiɗa, suna waƙa don haɗa ƙarfi, har bakin rafi. A nan zai jira damina. Ruwa na cika sai a ɗaure gungumen wuri guda, a kora su zuwa Sapele ko Koko inda jirgin ruwa yake jira.

Wahalar aikin ita kanta ta zama katanga ga daji, domin itacen da ya yi nisa da rafi, ko wanda yake nutsewa, ba a cika kula shi ba.

3.0 Dokoki da Gwaje-gwaje

A 1903 aka ɗauko H. N. Thompson daga ƙasar Bama ya shugabanci aikin daji na Kudancin Nijeriya, a 1916 kuma aka kafa dokar daji ta ƙasar baki ɗaya. An ƙayyade kaurin da itace zai kai kafin a sare shi, an kuma fara keɓe gandun daji. Burin hukuma shi ne ta keɓe kashi 25 cikin ɗari na ƙasar, amma abin da ta samu bai wuce kimanin kashi 10 ba, saboda jama'a a wurare da dama sun ɗauki abin a matsayin ƙwacen gona, kuma ba su yi kuskure ƙwarai ba.

A 1927 aka fara gwada tsarin "taungya" a Sapoba. Kalmar ta mutanen Bama ce. Ana ba manomi fili a cikin gandu ya shuka doya da masara, tare da dasa itatuwan hukuma, in inuwa ta rufe ya koma wani filin. Gwajin da ya fi girma shi ne na 1944, wanda aka yi ta yanke igiyoyin kurmi, ana kashe itatuwan da ba su da kasuwa da guba, wai don haske ya isa ga 'ya'yan masu daraja. An tsara a sari kashi ɗaya cikin ɗari na gandu kowace shekara, a dawo bayan shekara 100. Tsiron bai zo yadda aka zata ba, kuma abin takaici, wasu itatuwan da aka sa wa guba daga baya kasuwarsu ta buɗe. A shekarun 1960 aka watsar da tsarin.

Wani binciken E. W. Jones a gandun Okomu, wanda aka wallafa cikin shekarun 1950, ya gano gawayi da fasassun tukwane a ƙarƙashin kurmin. Ashe dajin da ake korar manoma daga cikinsa tsohuwar saura ce ta kakanninsu.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin UAC ya kafa babbar masana'antar katako a Sapele. Tarakta da manyan motoci suka maye gurbin igiya da rafi, nisa ya daina kare kowane itace, aka shiga saran obeche da yawa. Tun 1954 harkar daji ta koma hannun gwamnatocin yankuna, daga baya jihohi, waɗanda suka fi kallon gandu a matsayin hanyar kuɗin shiga. Aka rage wa'adin shekara 100 zuwa 50, sannan 25. Ƙasar da ta yi suna wajen sayar wa Turai katako, a 1976 ta hana fitar da gungume waje, domin abin da ya rage bai ishi masassaƙan cikin gida ba. Wani ɓangare na Okomu ne ya tsira, ya zama gandun namun daji na tarayya a 1999.