Numfashin Mai Tilawa da Rabon Hankalinsa

Baligi yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya ba da saninsa ba, domin gindin ƙwaƙwalwa ne ke riƙe da wannan aiki ko da barci yake. Amma da zarar ya ce shi zai tsara shaƙa da fitarwa, ragamar ta koma sashen da ke kula da niyya da lura. Ita kuwa lura ƙayyadaddiya ce: duk abin da aka ba numfashi, daga wani wurin aka rage shi. Makarantun allo na Kajiji da sauran garuruwan Shagari da Boɗinga sun isa hujja. A dubi almajirin da ya kai aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo. Tajwidi bai yarda ya shaƙi iska a tsakiyar kalma ba, sai ka ga kafaɗunsa sun ɗaga, jijiyar wuya ta fito, murya ta sirance, haddar da ya kawo jiya lafiya ƙalau ta kuɓuce masa. Malam yakan ce ƙarancin tilawa ne. Sau da yawa ba haka ba ne: gurɓatacciyar iska ce ta taru a jini, jiki ya matsa lamba, hankali ya bar aya ya koma ƙirji.

Nan ne ilimin waƙafi ke da amfanin da ba a cika ambata ba. Alamomin tsayawa suna kare ma'ana, kamar a aya ta 43 ta Suratun Nisa'i, inda tsayawa kafin a kai ga ambaton maye ke juya hukuncin. Suna kuma sauke wa mai karatu nauyin lissafin inda zai huta, tunda an riga an yanke masa. Don haka ya kamata a koyar da su tare da hadda tun farko, kada a jira sauka.

Wani zai ce gwanayen alarammomi ba sa tunanin numfashi ko kaɗan. Gaskiya ne, maimaici yana mayar da tsarin ɗabi'a. Sai dai ɗabi'ar tana da iyaka. A musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara a 1986, fargabar zama gaban alƙalai tana gajarta numfashi, wurin tsayawa da aka saba ya yi nisa, dole hankali ya dawo kan ƙirji. Wanda aka koya wa wurin tsayawa na kusa, da inda zai komo ya ɗauko, shi ne ke wucewa ba tare da haddarsa ta girgiza ba.