Wa'azi da Awo: Darasi Daga Tarihin Sabon Gari da Fagge

Da Turawa suka ci Kano a 1903, sun hana mishan yin wa'azi a cikin birni da ƙauyukan masarauta. Jirgin ƙasa ya iso a 1911 ɗauke da akawuna da kafintoci da magina daga kudu, da yawansu Kiristoci ne. Wajen 1913 aka yanka musu Sabon Gari a bayan ganuwa, dab da Fagge, tsohon masaukin fataken Sahara. A nan limaman Katolika na ƙungiyar SMA suka samu izinin kiwon tumakinsu. Ke nan tun farko masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa ne suka cika bencinan cocinmu.

A lokacin da harshen Latin ake sujadar Mas. Wa'azi ne jama'a ke fahimta, shi ma sau da yawa Fada zai yi da Turanci, katakis ya fassara. Littattafan da Fada ke shirya wa'azi da su daga Turai suka zo, an rubuta su domin mutanen can. Katakis ne ke mai da maganar ta zama ta gida, domin shi ya san wanda aka sallama daga aiki da wadda ta binne ɗa.

Abubuwa uku suka sauya wannan hali. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. A 1963 Majalisar Vatikan ta Biyu ta bayyana cewa wa'azi sashe ne na sujadar kanta, ta kuma buɗe ƙofa ga harsunan jama'a. A 1969 aka fito da sabon tsarin karatun Lahadi na shekara uku: Matiyu, Markus, Luka. Daga nan Fada a Kano da Fada a Amurka nassi ɗaya suke karantawa a rana ɗaya. Wannan tsari ne ya sa, bayan wayar salula ta shigo Najeriya a 2001 kuma intanet ya biyo baya, mai wa'azi zai iya samun shiryayyen wa'azin kowace Lahadi cikin minti biyu.

Mu dubi maƙwabtanmu telolin Fagge, kusa da Kantin Kwari. Yaron shago a yau yana koyon sabon ɗinki a YouTube, kamar yadda mai gyaran waya da mai haɗa sola ke yi, kuma yana ƙaruwa ƙwarai. Amma in mai kaya ya shigo, dole ya ɗauko tef ya auna shi, domin bidiyo bai san faɗin kafaɗarsa ba. Wa'azi ma sana'a ce mai awo. Manzo Bulus, wanda Ayyukan Manzanni sura 18 ta nuna mana yana ɗinkin tanti a Korinti, bai yi wa Atinawa magana irin wadda ya yi a majami'un Yahudawa ba.

A Kano rashin awo yana da tsada. Sabon Gari ta ga tarzomar 1953 da kashe-kashen 1966. A Oktoban 1991 rikici ya ɓarke kan taron wa'azin da aka shirya wa Bajamushe Reinhard Bonnke, aka rasa rayuka da dukiya. A wannan shekarar ce aka ware Kano daga Kaduna ta zama mishan mai cin gashin kanta, ta zama dayosis a 1999 a hannun Bishop Patrick Sheehan, Bishop John Namaza Niyiring ya gaje shi a 2008. Masu sujada a Babban Cocin Our Lady of Fatima a yau sun haɗa da Ibo, Yarabawa, mutanen kudancin Kaduna da Hausawa Kiristoci, kuma ranar Litinin kowannensu zai koma kasuwa kusa da maƙwabcinsa Musulmi. Wa'azin da aka rubuta a wata ƙasa bai san wannan ba, kuma kalma ɗaya a cikinsa na iya zama wuta a nan.

Ikilisiya ba ta hana mu kayan aiki ba. Wasiƙar Evangelii Gaudium ta Fafaroma Francis ta 2013 da Jagoran Wa'azi na 2014 suna nan kyauta a shafin Vatikan, kuma wasiƙar ta nemi mai wa'azi ya saurari Maganar Allah, ya kuma saurari jama'arsa. Don haka mu fara da nassin ranar da addu'a tun farkon mako, mu ziyarci gidaje da rumfuna, mu zauna da katakis, sannan mu buɗe waya mu nemi sharhi da tarihin nassin. Abin da muka samo mu gwada shi da tambaya ɗaya kafin Lahadi: in mai sayar da kayan mota a Sabon Gari ya maimaita wannan magana a gaban maƙwabcinsa, me za ta haifar?