Hamza da Ƙugiya: Daga Keken Rubutu zuwa Baƙin Allon Kwamfuta

Sarkin Kabi Sama'ila ya mulki Argungu daga 1883 zuwa 1915. A ajami, rubutun da malaman Argungu da Gwandu suka saba da shi, sunansa na da ainunsa zaune daram a tsakiya. Da boko ya zo, sai ainun ya koma ɗan waƙafi a rataye a sama, wanda ake kira hamza. Ita ce a cikin Asma'u da Sa'idu da Mu'azu da 'ya'ya.

Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912. A farko, ɗigo ko waƙafi ake liƙa wa baƙi don a bambanta shi da ɗan uwansa. A shekarun 1930 ne Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta rungumi baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta baza su daga 1939. Sai dai keken rubutun ofis, na Turanci ne. Akawu ya buga k, ya zare takarda, ya lanƙwasa mata kai da biro. In aiki ya yi yawa, ya bar ta haka, mai karatu ya yi ta kintace.

Kwamfuta ta gaji wannan gibi. Tsarin ASCII na 1963 gurbin alamomi 128 kawai ya ƙunsa, babu mai ƙugiya ko ɗaya. A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, Unicode ya fito da gurbi ga kowace cikinsu.

Ita kuwa hamza, matsalarta daban ce, domin kwamfuta ta san ta, amma da wani aiki. A harsashin Unix, wato shirin karɓar umarni da Stephen Bourne ya rubuta, wanda ya fito a 1979, wannan alama ƙofa ce: ta farko ta buɗe zance, ta biyu ta rufe. To a ɗauki ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da aka ba shi ajiyar bayanan wata makaranta a Gesse. An ce ya sa alama ta musamman a kalmar sirri, sai ya zaɓi Sama'ila$7. Ya buga ta tsirara a layin umarni, ya danna. Shiru. Injin ya sauko sabon layi yana jiran hamza ta biyu da ba za ta zo ba. Ya kewaye kalmar da alamar zance mai baki biyu, hamza ta kwanta, amma dalar ta tashi: harsashin ya ɗauki $7 a matsayin sunan wani abu da aka ajiye, bai same shi ba, ya shafe. Rumbun bayanan ya ce kalmar ba daidai ba ce, alhali yaron bai manta komai ba.

Ƙugiya ma ba ta tsira gaba ɗaya ba. A tsarin UTF-8, ƙ gurbi biyu take ci, k kuwa ɗaya, don haka injin da aka saita da wani tsari zai karanta wani abu daban.

Abin takaici, da yawa sun zaɓi hanyar tsohon akawu: a jefar da alamar a huta. Shi ya sa ake ganin Samaila da Asmau a katunan shaida. Alhali magani na nan. A rumbun bayanai na MySQL, a buga -p kaɗai, shirin zai tambayi kalmar da kansa, harsashi bai taɓa ta ba. Na PostgreSQL kuwa na karanta ta daga fayil ɗin .pgpass. In a cikin adireshin haɗi za a sa ta, ana rubuta hamza %27, alamar @ kuma %40.

Masu koyar da kwamfuta a Birnin Kebbi da Argungu, a sa wannan a darasin farko, kuma a gwada da sunayen ɗaliban da ke zaune a ajin.